Sandar da Ta Hana Ni Raka Ka

Daga Allah muka fito, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. A ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maigidana, mijin yayata, wanda duk mai hulɗa da ƙarfe a garin nan ya sani da Magagari. Ya faɗi a cikin shagonmu, a gaban tanderu, ya cika a mota kafin a isa asibiti. An yi masa sutura bayan azahar. Jama'a ta cika titi har masu motoci suna juyawa, in ji waɗanda suka gani. Na ce in ji waɗanda suka gani domin ni ban gani ba. Ni da na fi kowa daɗewa a gefensa in aka cire matarsa, ban yi masa salla ba, ban kama makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba. A kan wannan yayata ta yi kwanaki ba ta ko dubi inda nake ba, ni kuwa ba ni da wata 'yar'uwa a duniya sai ita.

Maigida, a raye ba ka son dogon bayani. In mutum ya fara kewaye-kewaye sai ka ce masa ya yanka ya nuna maka cikin. To, yau zan yanka. Sai dai ka yi mini haƙuri in faro daga baya, saboda cikin masu karanta wannan akwai waɗanda ba su taɓa jin hucin tanderunka a fuskarsu ba.

Iyayenmu sun rasu ina ƙarami, Yaya ce ta yi mini uwa ta yi mini uba. Har yau da furfura a gemuna Auta take ce mini, kai ma ka ɗauka, masu kawo aiki ma suka ɗauka. Lokacin da ta kawo ni wurinka na riga na gwada sana'a iri-iri na watsar, na zame muku ƙarfen ƙafa a gida. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka yanka sanda guda ta ƙarfe gida uku, ka gasa su tare har suka yi ja, har maganaɗisu ya daina kama su. Ɗaya ka tsoma a ruwa, ɗaya ka ajiye a iska, ɗaya ka bar ta cikin tanderu ta huce a hankali har washegari. Sannan ka zaro magagarin nan da ba ya rabuwa da aljihunka, wanda ya ba ka suna, ka ce in goga. Ta tanderu ta ciwu kamar sabulu. Ta iska ta ɗan yi gardama. Ta ruwa kuwa magagari ya riƙa zamewa a kanta yana ƙara, ko gezau. Na ce wannan ita ce gwarzuwa. Ka ɗora ta a maƙera ka ba ta guduma ɗaya, ta tarwatse kamar kwalba. Ka ce, “Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, Auta. Yadda kowacce ta huce ne ya bambanta su.” Ban sake neman wata sana'a ba.

Ka yi karatu mai zurfi, ka yi aiki a ɗakin gwaji na babbar masana'anta kafin ka buɗe shagonka, amma ba ka taɓa jifan mutum da manyan kalmomi ba. A ɗan ɗakin nan na baya, inda ba ka yarda kowa ya shiga da takalmi ba, ka koya mini goge guntun ƙarfe har ya zama madubi, a ɗiga masa ruwan asid, a sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ranar da na fara leƙawa sai da na ja da baya. Ashe ƙarfen da nake ɗauka dunƙule ne guda, gari ne da unguwanni. Ga fararen fili masu laushi, ga wasu wurare masu layi-layi kamar zanen yatsa, waɗanda ke yawaita in sinadarin kabon ya yi yawa a ƙarfen. Wanda aka tsoma kuwa duk allurai ne sun sarƙe da juna, ba masaka tsinke. Ka ce littafi yana da sunayensu, in na ga dama in haddace, amma abin da kake so in riƙe shi ne alluran nan a takure suke, kowacce tana tura 'yar'uwarta. Tauri daga nan yake, tsagewa ma daga nan take.

Daga nan dokarka ta fito, wadda duk wanda ya taɓa zama a shagon nan zai iya faɗinta cikin barci: ƙarfen da aka tsoma ba a barinsa shi kaɗai. Da ɗuminsa, tun hannu yana jin sauran zafi, ake mayar da shi wuta mai sauƙi a bar shi ya daɗe, har alluran su saki jiki, ya rage tauri kaɗan ya sami juriya. Wannan kake kira lallashi. Wanda ya tsoma bai lallasa ba, a wurinka bai yi rabin aiki ba, ɓarna ya yi. Akwai wani ƙarfen buga tambari da ka rataye a bango, tsagagge gida biyu. Wani baƙo ne ya tsare ka da surutu, ka ce bari ka sallame shi tukuna, muna tsaye muka ji ƙwas daga kan benci, ba wanda ya taɓa shi. Ba ka jefar ba. Duk wanda ya ce maka “bari in je in dawo” bayan tsomawa, bango kawai kake nuna masa.

Alherinka ma irin na aikinka ne, ba ya ƙara. Na tuna maƙerin nan na bakin kasuwa da ya buɗe shago yana karɓe mana masu kawo aiki, yana cewa mu masu tsada ne da iyayi. Da wuƙaƙen injin yankan ciyawa da yake yi suka fara tsagewa a hannun mutane, ni daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Kai kuwa ka ɗauki ɗaya ka karya, ka dubi bakin karayar, ka ga ƙwayoyinta manya kamar tsakuwa. Ka sa hularka ka tafi har shagonsa. Ka nuna masa yana wuce gona da iri wurin gashi, ka nuna masa yadda zai sake gasawa ya bari a iska don ƙwayoyin su koma ƙanana kafin ya tsoma. Da na yi ƙorafi ka ce wuƙar da ta tashi daga inji ba ta tambayar wanda ya ƙera ta kafin ta sami ƙafar mutum. An ce mini mutumin nan shi ya shiga kabarinka ya karɓe ka.

Na tuna ɗaliban kwalejin fasaha da ke cika mana ɗakin baya duk ƙarshen zango, saboda madubinsu ya lalace. Kana faɗa kana cewa sun cika ka, kana kuma goge musu samfur da hannunka. Na tuna direban da ya zo ya dage sai an taurara masa ƙusar jan tirela har magagari ya kasa cinta. Ka ƙi, ya yi fushi, ka bi shi har bakin mota kana yi masa bayani cewa ƙusar ja gara ta lanƙwashe ta ba shi labari da ta karye ba sallama a kan gangara. Bai saurare ka ba a ranar, amma ya dawo, kuma ya zama ɗan gida. Ba ka iya sallamar mutum da fushi ba, ko da shi ne ba shi da gaskiya.

Amma ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba, kai ma ba za ka so ba. Dokar nan taka a gida ta fi ciwo. Ranar da aka haifi 'yarku ta fari ka tsoma kaya da safe, aka aiko Yaya tana naƙuda, ka ce ga ka nan, ba ka iso ba sai da aka yi wa jaririya wanka. Abinci ya sha hucewa a kan tebur. Baƙi sun sha zama su gaji su tafi. Yaya tana da maganarta guda da take faɗa ba tare da ɗaga murya ba, “Ƙarfe ya riga kowa.” Kai kuma sai ka yi dariya ka ce ƙarfe ba ya jira ne, ita kuwa mai haƙuri ce. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma na san irin son da ke tsakaninku, amma maganar tana yi mata zafi fiye da yadda ka ɗauka.

Sai ga batun injinta. Yaya tana da injin matsar mai a ɗakin bayan gida, tana matse gyaɗa da riɗi, mata suna kawo nasu, tana da masu sari. Zuciyar injin wata sanda ce mai murɗi, kaurinta ya kai cinya, ita ke tura ƙwaya tana matsewa. Ta asali ta cinye, ba a kuma samun irinta. Ka ce wannan ai abin gida ne. Ka ƙera mata sabuwa da ƙarfen kabon da muke da shi, ka tsoma, magagari ya zame, ka kai ka ɗaura da alfahari. Ba ta yi nisa ba ta murɗe ta karye. Ka sake wata, ka tsoma ta a ruwan gishiri don ta huce da sauri, wannan kuma ta tsage a lungun murɗinta. Yaya ta ce, “Kana gyara na duniya, na gidanka yana kwance.” Ban taɓa ganin magana ta shige ka kamar wannan ba.

Ka yanka karyayyiyar ka goge fuskarta, muka duba tare. A baki allurai, amma da an ɗan shiga ciki sai zanen yatsa da fararen fili, har tsakiya. Ka ce magagarinka ya yi maka shaidar zur, fata kawai ya gani. Ƙarfen kabon zalla yana son a kwashe masa zafi cikin ƙiftawar ido, sanda mai kauri kuwa cikinta ba ya hucewa da wuri ko a wane ruwa aka jefa ta. Yawan tauri daban, zurfinsa daban. Abin da ake bukata ƙarfe ne mai gauraye da wasu sinadarai irin su kuromiyam, wanda ko a mai aka tsoma shi a hankali taurin zai ratsa har ciki. Daga ranar ka zama ɗan gidan masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Duk guntun da ka samo sai ka kai shi dutsen washi ka karanta tartsatsinsa, ka fiƙe 'yar sanda daga jikinsa, ka gasa, ka rataye ta a tsaye ruwa yana feshin ƙasanta kaɗai, sannan ka bi tsawonta kana gwadawa ka ga inda tauri ya tsaya. Yawancinsu ko gaɓar yatsa ba sa kaiwa. Watanni injin Yaya yana rufe da buhu, matan da ke kawo mata suka koma wani wuri.

A cikin watannin nan ne ciwon zuciyar da ka daɗe kana fama da shi ya tsananta. Ka faɗi a shago har sau biyu, aka kai ka asibiti, ka dawo kafin magariba kana mitar an ɓata maka yini. Sannan ka samo abin da kake nema a cikin ragowar wani babban inji da aka wargaza, guntu guda, ba na biyu. Taurinsa ya bi sandar gwaji kusan har sama. Tsoho, mai injin sassaƙar ƙarfe da muke aiki tare tun kafin idonsa ya fara neman tabarau, ya yi makonni yana fitar da murɗin. Ka tara mu ka ce kada wanda ya gaya wa Yaya, ka yi mata alkawari sau biyu ka ji kunya, wannan karon sai dai ta ji ƙarar inji. Da Tsoho ya fita ka ƙara da wata magana a hankali, ba ka dube ni ba. Ka ce, “In ba na nan, injin nan ne zai riƙe gidan. Yayarka ba za ta miƙa wa kowa hannu ba, ko kai.”

Ranar Laraba muka kunna tanderu tun da sassafe. Muka sa sandar tare da ɗan shaidarta, guntun da kake yankewa daga jikin kowane babban aiki, mai kauri ɗaya da shi, ya sha duk wutar da aikin ya sha don a yanka shi daga baya a ga ciki. Da launi ya kai inda kake so muka ja sarƙa, muka sauke ta a tsaye cikin tankin mai. Wuta ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, kana ɗagawa kana saukewa, kana ce mini kada in bari ta jingina. Da ta lafa muka ɗago ta. Ka zaro magagari ka goga, ya zame yana kuka. Ka yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Sai ka zauna a kan akwati, ka dafe ƙirji, gumi yana zubo maka, ka sulale.

Tsoho ya kawo motarsa bakin ƙofa, muka ɗauke ka. Na sa ƙafa zan shiga, ka kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san kana da sauransa ba. Ka ce, “Ina za ka? Da ɗuminta, Auta. Kada ka bar ta.” Na ce maka ƙarfe ne fa. Ka nuna mini wajen bango da ido. Na sauke ƙafata, mota ta tashi. Wallahi na ɗauka irin na da ne, za ka dawo kafin magariba kana faɗa.

Tanderunmu ɗaya ne. Sai da na buɗe ƙofarsa na jira zafin ya sauko, ina riƙe da ɗumin sandar a bakinsa, sannan na shigar da ita. Ban daɗe da rufewa ba wayar Tsoho ta shigo. Da jin salatinsa na san ka cika. Na zauna a kan akwatin da ka tashi daga kai, na yi kukan da ban yi ba tun mutuwar mahaifiyarmu.

Aka ce za a yi salla bayan azahar. Na dubi tanderu. Fatar sandar ta ɗauki zafi, cikinta bai ɗauka ba, kuma abu mai kaurin nan sai ya yi sa'o'i. In na fitar a haka, na haɗa mata zafi a waje da takura a ciki. In na kashe wuta na tafi, kai ka koya mini irin wannan ƙarfen ba a barinsa ya huce a hankali bayan lallashi, gautsi yake yi. In na bar gas yana ci ba kowa, ka san halin tanderun nan, sai hannu yana kan makunni. Na kira maƙerin bakin kasuwa, na kira duk wanda ya taɓa riƙe awartaki a shagon, ba wanda ya ɗauka, duk suna hanyar gidanka. Gaba kura, baya sayaki. Na san akwai masana da za su ce da na yi kaza da kaza, wataƙila da ba abin da zai same ta. Mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Amma guntu guda ne ba na biyu, kuma ban taɓa jin ka yi aiki da wataƙila ba. Na yi alwala, na yi azahar a gefen tankin mai, na yi maka addu'a ni kaɗai ina kallon allurar ma'aunin zafi. A lokacin da ake ɗauke da kai, ina murɗa makunni.

La'asar ta wuce kafin in fitar da ita in sanyaya. Na rufe shago na nufi gida ko tufafi ban sake ba. Na ratsa maza a ƙofar gida, wasu suna kallona wasu suna kau da kai, na shiga har inda Yaya take zaune cikin mata. Na durƙusa na ce, “Yaya, ya haƙuri?” Ta ɗago. Ba ta tambaye ni inda na tsaya ba, warin ƙonannen mai ya riga ya gaya mata. Ta ce, “Ko yau ma ƙarfe ya riga shi.” Ta juya fuskarta bango.

Za a ce me ya hana ni faɗa mata a take. Abu biyu ne. Na farko ka ce kada a faɗa sai ta ji ƙarar inji. Na biyu ya fi nauyi: ban san ko sandar ta tsira ba. Tsaga irin wannan takan ɓuya, ido ba ya ganinta. In na ce mata saboda ke na tsaya, sannan sanda ta fito a tsage, na ɗora mata kaya biyu ke nan, ga rashin miji, ga sanin cewa a kan abinta ya faɗi, a banza kuma. Na gwammace ta riƙe ni da laifi. Kullum ina zuwa zaman makoki, ina zama a ƙarshen tabarma. In na shiga gaishe ta sai ta amsa wa wanda ke bayana. Gidan da na girma a cikinsa, ko ruwa ba a ce a miƙo mini ba. Ban ga laifinta ba, amma na ji ciwo ƙwarai, kuma na ji tsoro. Na rasa ka, ga shi ina shirin rasa ta.

Da aka tashi daga makoki ni da Tsoho muka koma shago. Muka wanke sandar, muka jiƙa ta da kananzir, muka goge, muka shafe ta da farin alli muka jira. In akwai tsaga, kananzir zai fito ya zana ta a kan allin. Tsoho ya cire tabarau ya goge ya mayar ya fi a ƙirga. Alli ya tsaya fari tas. Muka rataye ta na buga mata guduma, ta yi amo mai tsawo har ya cika shagon. Sannan na yanka ɗan shaida, na cire takalmi na shiga ɗakinka, na goge, na ɗiga asid, na leƙa. Daga baki har tsakiya iri ɗaya ne, Maigida. Alluran sun ratsa, kuma sun kwanta. Na so ƙwarai a ce kana tsaye a bayana kana cewa in matsa ka gani.

Muka yi mata gugar ƙarshe muka kai ta gida da rana. Muka bi ta ƙofar baya, muka yaye buhun da ke kan inji, muka ɗaura. Na zuba gyaɗa kaɗan na kunna. Injin ya yi tari, ya kama, mai ya fara ɗiga. Ban ji takunta ba, sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Ta daɗe tana tsaye. Tsoho ne ya yi magana, ya ce, “Hajiya, ita ce ya tsoma a ranar. Ya hana yaron nan shiga mota.” Yaron nan, ni, da furfurata.

Na kashe inji. Ta matso ta ɗora tafinta a kan murfin, inda ɗumi yake. Ba ta dube ni ba ta ce, “Da ɗuminta ka mayar da ita wuta?” Na ce da ɗuminta, Yaya. Ta ce, “Ba ka bar ta ta huce a ciki ba?” Na ce ban bari ba. Ashe duk shekarun nan da take cewa ba ta son jin zancen ƙarfe a kan abinci, tana ji, ta kuma riƙe. Sannan ta ce, “Da ka zo, ni kaɗai zan ji daɗi. Shi kam da ya tashi ya koro ka.” Tsoho ya yi dariya hawaye na zuba. Ita ma ta fara dariyar, ta rikiɗe mata ta zama kuka, ta kama kaina ta haɗa da kafaɗarta kamar ina ɗan shekara biyar. Da ta natsu ta share fuska ta ce in je in wanke hannu, ta ga na rame, kuma gobe babban ɗanka zai kai ni in ga inda aka sa ka.

Na je, Maigida. Na makara, amma na je. Na gaya maka a can, ina kuma maimaitawa a nan: ban bar ta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, wadda ta yi haƙuri da mu da tanderunmu tsawon zamanku, Allah Ya ba ta ladan haƙurin, Ya sanya albarka a abin da ka bar mata. Ina yi wa 'ya'yanka da jikokinka ta'aziyya, musamman 'yarka ta fari, wadda ka makara ranar zuwanta amma ba ka sake makara a kan lamarinta ba. Ina yi wa 'yan'uwanka ta'aziyya, da Tsoho, da maƙera da makanikai da ɗaliban da suka ratsa ta ɗakin baya, da duk wanda ke amfani da wani ƙarfe da ya bi ta hannunka bai ma sani ba. Wanda ka ɓata wa rai, don Allah ya yafe maka. Waɗanda suka yi maka salla a madadina, Allah Ya saka musu da alheri.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya karɓi kyawawan ayyukanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. In tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Kai da ka ƙare rayuwarka a gaban wuta don gidanka ya tsaya da ƙafarsa, Allah Ya sa wadda ka gani a shago ita ce ta ƙarshe, Ya sanyaya maka kabarinka. Amin.